Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan kasuwar da suka shiga siyasar jihohinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayen gidanmu, manyan 'yan kasuwa da Allah ya ba ku kujeru a majalisun dokoki na jiha, da waɗanda aka naɗa kwamishinoni da masu ba da shawara, da waɗanda suka kai ga kujerar gwamna ko ta mataimakinsa, da kuma waɗanda a yanzu suke shirin sayen fom, ina gaishe ku gaisuwar ban girma. Ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Allah ya ƙara rufin asiri, ya yi muku jagora a kan nauyin da kuka ɗauka.

Ni tsohon akawu ne. Ƙuruciyata da rabin girmana na ƙarar da su ina riƙe wa wani attajiri littafin shige da ficen kuɗinsa, tun yana sarin kaya da mota ɗaya har Allah ya buɗa masa ya tara motoci da sito-sito, har zuwa ranar da jama'a suka cika masa ƙofar gida suka ce lallai sai ya fito takara. Da bakin ire-irena nake magana: masu riƙe littafi, yaran kanti, direbobi, masu gadin sito, 'yan dako, da ƙananan 'yan kasuwar da ke karɓar kaya a hannunku su sayar su kawo kuɗi. Duk ranar da ɗayanku ya karɓi tutar jam'iyya, rayuwarmu ce take fara girgiza, amma ba a taɓa zama da mu an tambaye mu ba. Ga shi an sake buga gangar siyasa, jam'iyyu na ta zawarcin masu hannu da shuni, alhali waɗanda suka riga suka shiga ba su waiwayo sun dubi abin da shigarsu ta jawo wa na ƙasa da su ba. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kada a ɗauka ina cikin masu cewa ɗan kasuwa ya tsaya a kasuwarsa ya bar siyasa ga masu ita. Marigayi Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata ya shiga majalisar dokokin Arewa a 1961, ya riƙe muƙamin kwamishinan da ke kula da tattalin arziki da ciniki da masana'antu a gwamnatin Audu Bako ta jihar Kano daga 1968 zuwa 1973, sannan ya koma kan harkokinsa, ya rayu da mutuncinsa har Allah ya karɓi abinsa a watan Yunin 2025 yana da shekara 94. A wannan jamhuriyar, Orji Uzor Kalu ya mulki Abiya daga 1999 zuwa 2007, Peter Obi ya riƙe Anambra tsakanin 2006 da 2014, Muhammad Badaru Abubakar ya yi gwamnan Jigawa daga 2015 zuwa 2023, kuma dukkansu daga kasuwanci suka fito. Kowa da yadda mutanen jiharsa suke auna shi, ba shi ya kawo ni ba. Abin da nake cewa shi ne, mutumin da ya san zafin biyan albashi daga aljihunsa, ya san bambancin uwar kuɗi da riba, ya san cewa maganar da ya furta a ciniki ita ce jarinsa, jiha tana buƙatarsa ƙwarai. Don haka muka yi layi a rana muka zaɓe ku. Kuma don haka ne abin ya fi yi mana ciwo idan muka ga waɗannan halaye su ne farkon abin da kuke ajiyewa a bakin ƙofar ofis.

Kukanmu na farko a kan kuɗin neman kujera ne, da kuma inda ake ɗebo shi. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar gwamna naira miliyan 50, na majalisar jiha miliyan 2, PDP kuma ta sayar da na gwamna miliyan 21. Dokar zaɓe ta wannan shekarar ta yanke wa ɗan takarar gwamna iyakar naira biliyan 1 a kamfen, na majalisar jiha miliyan 30. Duk wanda ya taɓa zama kusa da ɗan takara ya san fom shi ne mafi arha a cikin lissafin. Ga daliget, ga shugabannin jam'iyya tun daga mazaɓa, ga motoci da mai, ga fastoci, ga wakilan akwati, ga lauyoyi idan an je kotu. Ɗan siyasar da ba shi da kasuwa yakan nemi masu ɗaukar nauyinsa. Ku kuwa kuna da inda za ku miƙa hannu cikin dare ba tare da kun roƙi kowa ba, kuma a nan matsalar take.

Na ga yadda abin yake farawa. Mai gida zai aiko a ba shi wani abu daga cinikin mako, ni kuma in rubuta a gefen shafi cewa Alhaji ya karɓa. Da farko daga riba ake cira. Kafin a zo zaɓen fid da gwani, wannan layi ya fi kowane layi tsawo a littafin, kuma an riga an tsallaka cikin uwar kuɗi. Kuɗin da aka ware don sake saro kaya shi aka ɗaure a buhuna a daren daliget. Kamfanin da ya saba ba mu kaya bashi ya ga biya ya fara jinkiri, sai ya ce daga yanzu kuɗi hannu. Sito ya fara zama fili. Ƙananan 'yan kasuwar da suka dogara da mu suka riƙa zuwa suna komawa hannu rabbana, wasunsu suka rasa abokan cinikin da suka shekara suna tarawa. Direbobi suka yi watanni ana ba su haƙuri, ga motoci a hanya kullum suna jigilar magoya baya, babu mai maganar taya ko juye.

Akwai wani yaro a cikinmu da ba na mantawa da shi. Ya daɗe yana yi wa mai gida hidima da amana, an yi masa alkawarin za a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa, har ya sa ranar aure a kan wannan alkawari. Da ya yi ƙarfin hali ya tuna wa mai gida, sai aka ce ya bari a ci zaɓe. Aka ci. Ya sake komawa, aka ce ya bari a zauna tukuna. Daga nan ganin mai gida ya gagare shi, domin yanzu akwai ɗan sanda a ƙofa da sabbin fuskoki masu tambayar wa ya aiko shi. Wata rana da safe ya kawo mini makullan kanti ya ajiye a kan tebur, ya ce in gaida Alhaji. Bai zagi kowa ba, bai ɗauki ko allura ba. Irinsa suna da yawa a bayan kowannenku, kuma ba su da inda za su kai ƙara. Wa zai kai ɗan majalisa kotu a kan alkawarin baki? Idan ma gwamna ne ko mataimakinsa, sashe na 308 na kundin tsarin mulki ya hana a gurfanar da shi har sai ya sauka.

Kuma ku tuna, kuɗi ba ya ba da tabbacin kujera. A 2010 Meg Whitman, wadda ta taɓa shugabantar kamfanin eBay, ta kashe sama da dala miliyan 140 daga aljihunta tana neman gwamnan jihar Kalifoniya a Amurka, ta kuma sha kaye. Ita tana da abin da za ta koma ta tarar. Da yawanku jarin gaba ɗaya kuke jefawa, tare da haƙƙin mutanen da ba su san an yi ba.

Na biyu, kuma shi ne ya fi komai girma a wurina, shi ne haɗa aljihun gwamnati da aljihun kasuwa. Taura biyu ba ta taunuwa, ranku ya daɗe. Wannan ba sabuwar magana ba ce. Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, ɗan kasuwar tufafi ne. Da aka yi masa mubaya'a ya ɗauki kayansa zai nufi kasuwa kamar yadda ya saba, sahabbai suka tare shi, aka yanka masa abin da zai ciyar da iyalinsa daga baitulmali domin ya bar ciniki ya fuskanci al'amarin jama'a. Ba don ana zargin amanarsa aka yi haka ba. An yi ne don an san idan shugaba yana cikin kasuwa, ba wanda zai iya taya kayansa da gaskiya, ba kuma wanda zai iya gasa da shi.

Dokar ƙasarmu ma abin da ta ce ke nan. Jadawali na 5 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana mai riƙe da muƙamin gwamnati jefa kansa a matsayin da buƙatarsa za ta ci karo da aikinsa. Ya hana wanda ke aikin gwamnati na cikakken lokaci shiga tafiyar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Ya wajabta bayyana kadarori da basussuka ga hukumar ɗa'ar ma'aikata lokacin kama aiki, da duk bayan shekara 4, da lokacin sauka. Sashe na 94 ya ce ɗan majalisar jiha ba zai hau kujerarsa ba sai ya bayyana abin da ya mallaka, sashe na 185 ya faɗi haka a kan gwamna. Duk kun cike waɗannan takardu, kun ɗora hannu a kan littafi mai tsarki kun rantse.

Amma mu da ke cikin ofisoshinku mun san yadda ake kewaye su. Ana cire sunan Alhaji daga takardun kamfani a sa na ƙanensa ko na ɗansa ko na uwargida. Ana buɗe sabbin kamfanoni biyu ko uku da sunan yaran gida, waɗanda wasunsu ba su ma san an yi amfani da hotonsu ba. Idan aka tallata kwangila, kamfanonin gida ɗaya ne za su yi takara da juna, ɗaya ya ci. Wayar da ke ba da umarnin a loda mota ko a sauke farashi kuwa ita ce dai wayar da muka sani tun da can.

Ku dubi abin da wannan yake haifarwa. Ƙaramin ɗan kwangilar da ya ci bashi ya sayi takardar neman aiki, ya biya harajinsa ya karɓo shaidar biya, ya yi asarar kuɗinsa a kan takarar da aka gama kafin a fara. Injiniyan ma'aikata da aka tura duba aiki ba zai iya cewa simintin bai kai ba, ko rodin ya yi siriri, domin ya san mai kayan shi ne yake sa hannu a kan ƙarin girmansa, ko yake zaune a kwamitin da ke duba kasafin ma'aikatarsa. Ajin da aka gina da irin wannan kaya 'ya'yan talakawa ne za su zauna a ƙarƙashin rufinsa. A cikin kasuwa kuma, motar da aka san ta mai girma ce tana wuce kowane shinge ba a tsayar da ita, ta maƙwabcinsa tana biya a kowace mararraba. Idan kayan biyu suka iso, na mai girma ya fi arha, ba don ya fi iya ciniki ba. A hankali sai abokan sana'arku na jiya su durƙushe ɗaya bayan ɗaya, kuna ganin kamar kasuwa ce ta yi muku albarka. Wannan riba ba ta halal ba ce, kuma kun fi ni sanin haka, domin da can ku ne kuke kuka da irinta.

Raba aljihun yana da tsada, ban ɓoye muku ba. Jimmy Carter manomin gyaɗa ne mai sito a jihar Jojiya ta Amurka. Ya yi ɗan majalisar dattawan jihar daga 1963 zuwa 1967, ya yi gwamna daga 1971 zuwa 1975. Da ya zama shugaban ƙasa a 1977 ya damƙa kasuwancinsa ga amintattu ya cire hannunsa, da ya sauka a 1981 ya tarar da bashin sama da dala miliyan 1 a kan kasuwancin, har sai da ya sayar da shi. Ya yi asarar dukiya, amma ya tsira da sunansa. Wanda ba zai iya ɗaukar irin wannan kasada ba, babu laifi ya zauna a kasuwarsa ya taimaki jama'a daga can. Babu wanda ya tilasta wa kowa fitowa takara.

Na uku, mantuwa. Ranar da kuke neman ƙuri'a kun ce kun san ciwonmu domin a cikinmu kuka tashi, kuma gaskiya kuka faɗa. To me ya faru? A 1998 aka yi dokar da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Har gobe direba yana ɗauke da tarin rasit da sitika a gaban mota, wannan na jiha, wancan na ƙaramar hukuma, wani na wata ƙungiya, wani ma babu mai iya faɗa maka na wane ne. Duk abin da aka karɓa a hanya a kan mai saye yake ƙarewa. Wannan ba aikin Abuja ba ne, yana hannun majalisar jiha da hukumar tara harajin jiha, wato yana hannunku.

Haka maganar fili. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma ce ba a jinginar da fili ko a sauya masa mai shi sai da amincewarsa. Ɗan kasuwar da ke da gida ko kanti amma takardar mallakarsa ta maƙale shekaru a ofis, banki ba zai kalle shi ba. Yana zaune a kan dukiya amma yana yawon neman bashin ruwa a hannun masu cin gumin mutane. Kun sha wannan wahalar da kanku kafin ku yi suna. Wanne daga cikinku ya tashi a zauren majalisa ya nemi a sa wa ofishin filaye wa'adin kwanakin da zai fitar da takarda?

Wutar lantarki da can kuna cewa ba hurumin jiha ba ne. A 2023 aka gyara kundin tsarin mulki, aka kuma sa hannu a sabuwar dokar lantarki, jihohi suka sami damar samar da wuta da rarraba ta da kafa hukumar da za ta kula da ita. Wasu jihohin sun riga sun karɓi wannan iko. Mai walda da tela da mai injin niƙa da mai sayar da ƙanƙara suna nan suna ƙona ribarsu a janareta, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ga kuma kotun ƙananan basussuka, wadda Legas ta fara a 2018, Kano ta bi a 2019, domin mai bin bashi kaɗan ya sami haƙƙinsa cikin makonni ba tare da ya ɗauki lauya ba. Abu ne mai sauƙin kuɗi da zai ceci dubban masu ƙaramin jari, amma mafi yawan 'yan kasuwa ko labarinta ba su ji ba. Sannan gwamnatocin da kuke ciki su ne kan gaba wajen riƙe kuɗin waɗanda suka kawo musu kaya. Mutum ya ci bashin banki ya kawo kujeru ko magani, a bar shi yana zarya shekara da shekaru, ruwa yana hawa, har a sayar da gidansa. A kasuwa wanda ya yi haka sau ɗaya ba ya sake samun kaya bashi. Me ya sa abin kunya a kasuwa ya zama al'ada a ofis, kuna zaune?

Na huɗu, jiha ba kanti ba ce. A kantinka kai ne wuƙa kai ne nama, ka ɗauki wanda ka so, ka kori wanda ka so, ba mai tambayarka. Wasunku da wannan hali suka shiga ofis. Babban sakataren da ya ce a bi ƙa'ida ya zama maƙiyi, ɗan jaridar da ya tambayi kuɗin kwangila ya zama ɗan adawa, majalisa kuma ana so ta zama yaran gida. Alhali sashe na 128 ya ba majalisar jiha ikon bincike, sashe na 125 ya kafa babban mai binciken kuɗi na jiha domin a duba littafin kowa. Ni da na yi aikin littafi na sani, mai gidan da ya tsani a duba lissafinsa yana gab da karyewa. Sannan ba kowane abu na gwamnati ake aunawa da riba ba. Makarantar firamare da asibitin ƙauye da rijiyar burtsatse ba za su taɓa dawo da kuɗinsu a ƙarshen wata ba, kuma su ne dalilin da ya sa aka kafa gwamnatin.

Akwai kuma yadda ake mayar da ƙungiyoyin 'yan kasuwa reshen jam'iyya. A naɗa musu shugabanni daga sama, a raba rumfuna ga 'yan gaban goshi, wanda aka san bai yi ku ba a ɗaga masa haya ko a ce rumfarsa ta tare hanya. Ƙungiyar da aka kafa don sasanta rikicin bashi da kare mutuncin sana'a ta koma wurin gaba tsakanin mutanen da suka shekara talatin suna maƙwabtaka. Wannan kaɗai ya isa a yi kuka.

Bari in faɗa muku ƙarshen mai gidana, ba don tonon asiri ba, domin har yau ina ƙaunarsa, kuma ya yi mini alherin da ba zan iya biya ba. Ya yi zangonsa, ya nemi na gaba, jam'iyya ta ba wani. Cikin mako guda ƙofar gidan da ba a samun wurin ajiye takalmi ta zama shiru. Da ya waiwayo kasuwa ya tarar masu ba shi kaya sun kama wasu, amintattun yaransa sun watse, waɗanda ya bar wa riƙo sun yi yadda suka so domin shekaru ba wanda ya buɗe littafi. Kwangilolin da aka yi da sunan ƙannensa suka zama rigima a cikin gida, kowa yana cewa nasa ne tunda sunansa ne a takarda. Banki ya aiko da wasiƙa a kan gidan da aka jinginar lokacin kamfen. Ranar da ya kira ni mu zauna mu yi lissafi, ya daɗe yana bin wancan dogon layi da yatsa, shafi bayan shafi, sannan ya tambaye ni inda yaron nan mai makullai yake. Mutumin kirki ne da ya shiga da niyyar gyara. Babu wanda ya zaunar da shi tun farko ya faɗa masa abin da nake faɗa muku yanzu, domin duk wanda ke kusa da shi a lokacin yana da abin da yake ci a tafiyar.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Kafin kowannenku ya sayi fom, ya zauna da akawunsa ya ware abin da zai iya kashewa daga ribarsa, ya ɗaure sauran. Ya biya albashin da ake bin sa, ya sauke bashin masu ba shi kaya, ya cika alkawarin da ya yi wa yaransa, a rubuce, da shaidu. Wanda ya riga ya shiga bai yi haka ba, ya aika a nemo mutanen nan tun yana da halin biya.

Wanda ya ci zaɓe ko aka naɗa shi ya sauka daga shugabancin kamfaninsa da gaske, ya damƙa shi ga wanda ba zai riƙa karɓar umarni ta waya ba. Kada kamfaninsa, ko na matarsa, ko na 'ya'yansa da ƙannensa, ya nemi kwangila ko fili ko sassaucin haraji a jihar da yake riƙe da muƙami. Idan maganar da ta shafi sana'arsa ta zo gaban majalisa ko majalisar zartarwa, ya faɗa a fili cewa yana da hannu a ciki, ya fita har a gama. Kuma muna roƙon ku buga takardar kadarorinku kowa ya gani. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi haka a 2007 ba tare da doka ta tilasta masa ba, kuma bai ragu da komai ba.

Ku haɗa kai, ko da jam'iyyunku sun bambanta, ku kawo dokar da za ta tattara harajin ƙananan 'yan kasuwa ya zama biya ɗaya a shekara, da rasit ɗaya, a asusun gwamnati, a kuma kwashe shingayen hanya. A sa wa'adin fitar da takardar fili, a sa wa'adin biyan duk wanda ya kawo wa gwamnati kaya, da tarar da ma'aikata za ta biya idan ta wuce shi. A riƙa buga sunan duk kamfanin da ya ci kwangila, da sunan masu shi na ainihi, da kuɗin aikin, a wurin da mai waya a hannu zai iya dubawa. A kafa kotun ƙananan basussuka inda babu, a kai ta kusa da kasuwanni inda take, a yi shelarta a rediyo. Ku tashi tsaye a kan maganar wuta tunda yanzu doka ta ba ku dama.

Ku cire hannu daga zaɓen shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, a raba rumfa bisa layi da cancanta. Sannan kowannenku ya sa rana, ko da sau ɗaya a wata uku, ya zauna da ƙananan 'yan kasuwa da ma'aikatan mazaɓarsa ba tare da maroƙa da masu kirari ba, ya zo da takardar abin da ya yi alkawari da abin da ya cika, a bar mutane su yi tambaya ba tare da an rubuta sunan mai tambaya ba.

Muna jiran amsarku a aikace kafin ku sake zuwa neman ƙuri'unmu. Allah ya ba ku ikon sauke amana, ya sa ku gama lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon akawun ɗan kasuwa, a madadin yaran kanti, direbobi, 'yan dako da masu ƙaramin jari.